Chuck Schuldiner: Nauyin kiɗansa daga hannu yake fitowa

Duk wanda ya fara jin kiɗan death metal, wani nau'in kiɗan rock mai tsananin nauyi da sauri, abin da zai ce shi ne hayaniya ce kawai. Ba laifinsa ba ne, domin da yawa daga masu yinsa hayaniyar suke yi. Amma Chuck Schuldiner, makaɗin jita ɗan Amurka da ya kafa ƙungiyar Death, ya nuna cewa kiɗa na iya yin nauyi da sauri kuma a ji kowace tsirkiya daban. A ganina wannan ne gadonsa na gaske, fiye da laƙabin "uban death metal" da aka manna masa, wanda shi kansa bai so ba.

An haife shi a New York a 1967, ya tashi a jihar Florida. Yana ɗan shekara 9 yayansa ya rasu, iyayensa suka saya masa jita ko zai rage zullumi. A 1983 ya haɗa ƙungiyar Mantas, wadda daga baya ta koma Death, faifansu na farko ya fito a 1987.

Abin lura shi ne kayan aikinsa. Jitarsa ƙirar B.C. Rich Stealth ce, mai na'urar ɗaukar sauti guda ɗaya tak, DiMarzio X2N, kusa da gindin tsirkiyoyi inda sauti ya fi kaifi. A shekarunsa na ƙarshe yana aiki da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) Marshall Valvestate 8100, mai ƙarfin wat 100, wadda ba ta cikin masu tsada, har wasu makaɗa na raina ta. Saitin tsirkiyoyinsa kuwa mataki ɗaya kacal ya sauke daga wanda aka saba, wato D-G-C-F-A-D (sautukan tsirkiyoyin shida). A lokacin wasu ƙungiyoyi na saukewa har zuwa B, wanda ya fi haka ƙasa sosai.

A nan ne masu koyo suke faɗuwa. Idan ka sauke saiti da siraran tsirkiyoyi irin masu lambar kauri 9 zuwa 42, za su saki, su riƙa bugun wuyan jita, sauti ya riƙa zamewa duk lokacin da ka buga da ƙarfi. Maganinsa shi ne masu kauri kamar 10 zuwa 52 ko 11 zuwa 49, sannan a sake daidaita sandar ƙarfen da ke cikin wuyan da tsawon kowace tsirkiya a gindi. Kuskure na biyu ya fi yawa: murɗa maɓallin gurɓata sauti har ƙarshe, a kuma kashe sautin tsakiya. A ɗaki shi kaɗai abin zai yi daɗi, amma da ganga da bas (jita mai zurfin sauti) sun shigo sai jitar ta nutse kamar an zuba mata laka. X2N tana da ƙarfin fitarwa sosai, don haka ba ta buƙatar a cika maɓallin. Sauran aikin na hannun dama ne: gefen tafi a kan tsirkiyoyi daidai gindinsu don danne sauti, motsi daga wuyan hannu ba daga gwiwar hannu ba. In tafin ya matsa gaba da yatsa ɗaya, sautin ya mutu.

Masu sukarsa sun ce ya cika canza abokan kiɗa, kuma gaskiya ne, kusan kowane faifai da sabbin fuskoki. Wasu sun tafi da fushi. Sai dai a saurari faifan Human na 1991, da aka naɗa a ɗakin Morrisound na Tampa tare da Sean Reinert a ganga da Steve DiGiorgio a bas, a ga abin da canjin ya haifar. Waƙoƙinsa ma sun bar zancen jini da gawa sun koma kan cin amana da halin ɗan Adam.

A 1999 aka gano yana da ƙari a ƙwaƙwalwa. An yi masa tiyata a farkon 2000, kuɗin asibiti suka fi ƙarfin iyalinsa har sai da makaɗa da masoya suka yi karo-karo. Ya rasu ranar 13 ga Disamba, 2001, yana da shekara 34, bai kai ga kammala faifai na biyu na sabuwar ƙungiyarsa Control Denied ba.