Allah ya saka wa Dakta Adadevoh da abokan aikinta

Na gode da labarin da aka wallafa da ya tuna mana da aikin Dakta Ameyo Adadevoh, likitar da ta taimaka wajen hana cutar Ebola yaɗuwa a Najeriya. Wallahi har yanzu idan na tuna 2014 sai jikina ya yi sanyi. Patrick Sawyer, wani mutum mai ɗauke da cutar, ya sauka Legas daga Laberiya ranar 20 ga Yuli, lokacin likitocin gwamnati suna yajin aiki, aka kai shi asibitin kuɗi inda Dakta Adadevoh take aiki. Ya dage sai an sallame shi ya wuce taro a Kalaba, aka yi ta matsa mata lamba, ta ce ba inda za shi. Da ta bar shi ya hau jirgi, da Allah kaɗai ya san inda Ebola za ta tsaya. Ita kuwa ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta.

Abin da labarin bai taɓo ba shi ne masu bin diddigi. Cibiyar yaƙi da Ebola da Dakta Faisal Shuaib ya jagoranta ta ɗauko dabarun yaƙi da shan inna, aka bi mutane kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar gida-gida ana auna zafin jikinsu har kwana 21. Shi ya sa abin ya tsaya a mutum 20, takwas suka rasu, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta wanke Najeriya ranar 20 ga Oktoba.

Yanzu kuma zazzabin Lassa yana ɗauke mana likitoci da nas-nas duk rani. Don Allah a wadata su da safar hannu da rigar kariya, a biya su alawus ɗinsu a kan lokaci.