Ni ma na shiga sahun masu hannu da shuni

Tunda abin ya kai har ƙanwata da ke Gusau an tura mata hoton nan nawa da ke yawo, fuska da hannu duk shuɗi, gara in faɗa da bakina kafin monitan ajinmu ya gama zuba masa gishiri. E, ni ne a hoton. Ba kwalli ba ne, ba kuma duka na sha ba. Wanda ya laƙaba min Alhaji mai hannu da shuni kuwa na gane shi, ban dai ce Allah ya isa ba tukuna, amma tana nan a bakina.

Aikin ƙarshen zango ne na kwas ɗin rini: farin yadi 2, zanen kaki (a buga zane da narkakken kaki don rini ya tsallake wurin), shuɗi, a gabatar ranar Alhamis gaban malamin da ake gayyatowa daga wata makaranta ya duba maki. Kun san a zangon farko nawa rinin ɗaurin Malam ya rataye a bangon situdiyo. To, daga nan kai ya fara rawa.

Ɓangaren kaki ban yi kuskure ko ɗaya ba, ina so a rubuta wannan a ajiye. Tun a kasuwa na zare zare ɗaya na kyasta masa ashana. Auduga tana ci da ƙaurin takarda ta bar toka mai laushi, roba-roba kuwa narkewa take ta dunƙule, kuma irin wannan rinin ba ya kama ta. Na wanke yadin da ruwan zafi da omo don sitacin kamfani ya fita, in ba haka ba launi dabbara-dabbara yake fitowa. Kaki na haɗa kyandir kashi 2, kakin zuma kashi 1, domin kyandir zalla ɓarewa yake ya zube, kakin zuma zalla kuma danƙo gare shi, ba ya tsagewa, ga tsada. A kan risho, wuta ƙasa-ƙasa. Da ka ga hayaki ka sauke, saura ƙiris ya kama da wuta, in ya kama kuma murfi ake kifawa, ba a watsa ruwa. Gwajinsa shi ne ka ɗiga a gefen yadi: in ya ratsa ya fito ta baya, wurin ya yi duhu kamar mai ya zuba, ya yi. In ya zauna fari a sama, bai yi zafi ba, rini zai bi ta ƙarƙashinsa. Na yanka dagin Arewa a soson tsohuwar katifa da reza, na buga sau 24 a kowane yadi. Sannan na yi dabarar da ba wanda ya yi a ajin: na kai wa mai ƙanƙara na bakin ƙofa ya sa min a firiza minti 10, na fito da shi na murɗe. Kaki mai sanyi tsagewa yake sirara-sirara, rini ya bi tsagar ya yi jijiyoyi kamar saƙar gizo. Har yanzu ina nan a kan bakana, dabara ce mai kyau.

Ma'aunin rinin Malam kowa ya haddace: ruwan zafi lita 5, kostik (soda mai cin fata) cokali 2, haidiros (sinadarin da ke sa launi ya narke) cokali 4, garin shuɗi cokali 2. Kostik ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kan kostik, don tafasa yake ya yi tsartuwa. A dama garin launi daban kamar kunu kafin a juye. A rufe minti 15 zuwa 20. In saman ya yi wani yanayi mai ƙyalli kamar jan ƙarfe, ƙasan kuma ya koma ruwan ɗorawa mai ratsin kore, ya nuna. Sharaɗi biyu Malam ya maimaita har muka gaji: bahon roba, da safar hannu ta roba mai kauri.

Duka biyun suna cikin sito. Makullin sito yana aljihun monita.

Bari in tsaya a kan wannan bawan Allah. Mutumin da aka ba makulli ɗaya tak, amma ya sayo masa sarƙa ya rataya a ƙugu yana tafiya yana kaɗa shi kamar ma'ajin banki. Baho 6 ne a siton nan, na ƙirga da idona ranar da aka kawo su. Safa ƙafa 10. Na je masa da azahar ɗin Laraba, ya ce sai na rubuta suna a littafi. Ina littafin? Yana ɗakin kwana. Mu je mu ɗauko? Abokin ɗakinsa ya fita da makulli. Shi da yake da sarƙa guda a ƙugu, makullin ɗakinsa ba ya ciki! Daga baya na ji ashe bahunan duk an ajiye wa wasu mutum uku da ba sai na kama suna ba, kun san layin da suke zama. Tun aji ɗaya yake riƙe da ni kan maganar fensirin nan mai laushi, wanda wallahi na mayar masa, guntu dai ne amma na mayar.

Sai na gangara wurin Iya mai abinci na ce ta ara min tukunya zan dafa ruwa. Ban yi ƙarya ba, ruwa na dafa. Ta ba ni ta silba, sabuwa fil, ta ce, "Ɗan nan, ka dawo min da ita kafin magariba, ta miyar safe ce."

Kostik yana cin alminiyom. Na san wannan. Yana shafi na biyu a littafina, har na ja masa layi. Da na ga gefen tukunya yana ƙananan kumfa yana shuuu, sai na ce a raina rini ne yake nuna. Kuskure na biyu kuma gaggawa: kakin kyandir yana fara sakin jiki tun ruwa bai wuce digiri 50 da wani abu ba, don haka rinin zanen kaki sai an bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Ni ina ganin rana na faɗuwa na tsoma yadin farko ruwa na tururi. Dagin Arewa 24 suka taso saman tukunya suna yawo kamar kitsen miya. Abin da na ciro shuɗin ƙyalle ne kawai, irin na goge allo. Takaici ya sa na tura tukunyar bayan situdiyo da rinin a ciki na tafi na kwanta. Da safe na tarar ta yi baƙi ƙirin, gindinta na ɗiga, ƙasa ta yi shuɗi har gindin darbejiya.

Saura yadi ɗaya, saura awa uku. Na samo tsohon bokitin fenti na roba, na sake haɗi, wannan karon na jira har na taɓa jikin bokitin na ji ɗumi kawai. Safa kuwa, ledar burodi na zura biyu-biyu na ɗaure da roba a wuyan hannu. Ina sanye da farar shaddata ta Juma'a, saboda an ce baƙo na zuwa. Na jiƙa yadin da ruwan sanyi, na nutsar da shi a hankali don kada iska ta shiga ta kashe rinin, ina juya shi a ƙasa minti 5, in ɗaga ya sha iska minti 10, in mayar. Ina cikin tsomi na uku, yadi ya yi kyau har ina murmushi ni kaɗai, sai ga murya: "Kai ake jira, baƙo ya fara da layinku!"

Na shanya yadi a igiya, na fizge ledoji. Hannuna jiƙe sharkaf, da wani ɗan rawaya-rawaya, ga santsi. Na ce gumi ne, leda ai tana sa gumi. Santsin nan kostik ne, shi ma yana littafina. Gumin gaske kuma na tsatstsafowa a goshina, sai na sa tafin hannu na share goshi, na share kumatu biyu, na shafa gashin baki, na gyara wuyan riga, na gyara hula. Taku goma ne tsakanin igiya da ƙofar situdiyo.

Baƙon dattijo ne, babbar riga fara sol, gilashi a kan hanci. Ya miƙo hannu. Ni kuma ɗan tarbiyya, na rusuna na kama da hannu bibbiyu na riƙe gam. Malam ya ce, "Wannan shi ne na ɗaurin da ke bango." Baƙo ya gyaɗa kai, ya leƙa ta taga ya ga yadina yana rikiɗa a kan igiya, ya ce, "Madalla. To malam ɗalibi, gaya mana, me ya sa yadi yake fitowa kore sannan ya koma shuɗi?"

Ko da kuɗi na saya ba zan samu tambayar da ta fi wannan ba. Na gyara tsayuwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, shuni a yadda yake ba ya narkewa a ruwa." Wata a baya ta yi tari. Na ce, "Haidiros da kostik su ke juya shi ya zama mai narkewa, shi ya sa ruwan yake komawa rawaya-kore." Na ga Malam ya cire hularsa ya mayar. Na ɗauka burge shi nake. Na ɗaga murya. "A wannan halin ne yake shiga cikin zare. Da zarar kuma iska ta taɓa shi..." Nan na ga baƙo ya sauke gilashi ya matso, yana kallon goshina kamar mai karanta allo.

Ya ce, "Ci gaba, muna gani."

Muna gani. Bai ce muna ji ba. Kwana nawa yanzu ina juya kalmar nan. Ni kuwa na ci gaba, har da nuni da hannu: "Da iska ta taɓa shi, sannu a hankali sai ya koma asalinsa, daga kore zuwa shuɗi, ya maƙale a inda yake, ko an wanke ba ya fita." Ina cewa ba ya fita na ware tafin hannuna don jaddadawa, sai na ga hannun wani. Shuɗi har wuyan hannu, da zoben roba fari a zagaye. Ajin ya fashe. Akwai wanda ya fita waje yana dukan bango. Yadda aka ba ni labari, tun ina jimlar farko goshina yake kore, a ta biyu kumatu suka bi, ina kaiwa maganar iska gashin baki ya rufe, shatin yatsu huɗu kwance a goshi kamar an buga hatimi. Wato ina bayani, fuskata na yin aikin gwaji.

Dattijon nan bai yi dariya ba, da ma ya yi. Ya ce, "Shekaruna da yawa ina wannan tambayar, yau na ga an amsa da misali." Sannan ya kai hannu zai gyara babbar riga, ya tsaya, ya juya tafinsa ya duba. Ya duba ƙirjin rigar, inda ya riga ya dafa tun ɗazu. Shiru ya ratsa. Ni dai na ce, "Ranka ya daɗe, in auduga ce..." Malam ya daka min tsawa, "Wuce famfo! Kada ka taɓa ido!" Sai a lokacin na ji fuskar na raɗaɗi. Minti 15 ina ƙarƙashin famfo, Malam na tsaye a kaina yana cewa a ƙara ruwa, don kostik a ido makanta ce. Ruwan ya tafi da raɗaɗin. Launin kuwa, ai na riga na yi bayani.

Abin da ya fi ci min rai, watan jiya da aka kai mu marinar Ƙofar Mata a Kano, inda aka rubuta 1498 a bakin shiga, muka ga yadda suke haɗa baba da toka da kanwa a rijiya su bar shi ya yi makonni yana nuna, babu haidiros babu gaggawa. Ni ne na nuna farcen wani tsoho na raɗa wa na kusa da ni cewa wannan ko lalle ba ya buƙata. A masallaci ranar Juma'a wani ya tambaye ni ko rawani ɗan Kura na kwana da shi.

Fuska ta washe cikin kwana huɗu, da man kaɗanya da soso. Farce sai dai ya tsiro a yanke, kuma a wata wajen milimita 3 kawai yake yi, ku lissafa. Yadin na dafa shi a ruwan zafi kakin ya taso na kwashe, jijiyoyin firiza sun fito raɗau, amma ba wanda ya kalle su.

Hoton kuwa, monita ne ya ɗauka. Mutumin da ya kasa nemo littafi yini guda, waya ta fito daga aljihunsa cikin daƙiƙa biyu. Jiya kuma ya zo wai in sa hannu a littafin sito, littafin ya fito, cewa na karɓi bokitin fenti. Bokitin da na tsinta a bola. Iya dai ta ce ba ta son kuɗi, tukunya take so, irin waccan, mai murfi. Murfin yana nan lafiya ƙalau, na kai mata, ta ce in riƙe.