Hoyar Da Ta Ƙi Yin Fure Sai Da Na Bar Gari

A gidana da ke Kaduna, ma'auni ɗaya ake auna kowace shuka da shi, wato ko ana miya da ita, ko kuma ana jiƙa ta a sha idan zazzaɓi ya taso. Zogale ya ci wannan jarrabawa, haka ma yakuwa da lalo da 'yar bishiyar lemun tsami da ke bayan ɗakin girki. Saboda haka ranar da na shigo da ganye ƙwaya ɗaya tal a cikin 'yar tukunyar roba, na kuma faɗi kuɗin da na ba mai sayar da furanni na bakin titi, uwargida ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi gaba da baya, sannan ta tambaye ni cikin ladabi ko sauran shukar tana cikin mota.

Ganyen mai siffar zuciya ne, kore shar, mai kauri, na irin da ake kira Hoya kerrii, wadda asalinta ƙasar Tailan ce da maƙwabtanta. Mai sayarwa ya tabbatar mini cewa kafin damina ta fita zai cika baranda da yaɗo. Ganyen ya yi saiwa, ya zauna daram, bai bushe ba, bai kuma ƙara ko da tsawon farce ba. Autana ya mayar da shi abin gaisarwa, kullum da safe sai ya leƙa ya ce, "Baba, ɗan naka yana nan yadda yake." Dalilin kuwa shi ne, sabon toho a jikin gaɓar reshe yake fitowa, daidai wurin da ganye ya manne, don haka ganyen da aka tsinke ba tare da guntun reshe mai gaɓa ba yana iya yin shekaru a raye ba tare da ya taɓa zama shuka ba. Da na koma wurin mai sayarwa da wannan bayani, sai ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Alhaji, ganye ka nuna, ganye kuma na ba ka."

Maimakon wannan ya sanyaya mini gwiwa, sai ya tura ni karatu. Na gano cewa wani masanin tsirrai ɗan Sikotlan mai suna Robert Brown ne ya raɗa wa wannan jinsi sunan Hoya a shekarar 1810, don girmama Thomas Hoy, mai kula da lambun wani basarake a gidan Syon da ke kusa da Landan. Ire-irenta sun haura 500, daga Indiya da kudancin Sin har zuwa Filifin da Indunusiya da Ostireliya, kuma yawancinsu a jikin bishiyoyin kurmi suke rayuwa, saiwarsu na maƙale da ɓawo, ruwan sama ya jiƙa ta ya wuce, iska ta busar. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, Thomas Hoy albashi ake biyansa don ya kula da tsirrai, ni kuwa baranda gare ni da iyali masu son taimako.

Wani abokin aikina da ke da tsohuwar Hoya carnosa a gidansa ya yanko mini rassa. Na bi ƙa'ida sau da ƙafa: na sa sabuwar reza na yanka kowane reshe ƙasa da gaɓa kaɗan, na bar gaɓa biyu a kowane guntu, na cire ganyen ƙasa, na tsoma gaɓar ƙasa a ruwa, ganyen sama kuma yana waje. Idan da ɗumi, cikin makonni 2 zuwa 4 akan ga saiwa. Da yake ina so in riƙa ganin abin da ke faruwa, kuma babu gilashi garau a gidan sai tambulan ɗin kayan auren uwargida da ke jere a kabad, sai na ari wasu ba tare da dogon bayani ba. Fararen saiwoyi sun fara leƙowa ke nan aka yi baƙi daga Zariya. Na dawo daga ofis na tarar da baƙi suna shan zoɓo a cikin gonata, rassan kuma suna kwance a kwandon shara tare da ɓawon albasa. Uwargida ta ce, "Malam, tsinkaye na gani a ciki, ga 'ya'yan sauro suna ta iyo." Maganar sauro kam tana da hujja, domin ruwan yana bukatar canji duk bayan 'yan kwanaki, amma na tsince abin da ya tsira daga albasa ba tare da na amsa wannan ɓangare ba.

Hunturu ya riga ya shigo, iska ta bushe ƙamas, reshen da ba shi da saiwa kuwa ta ganye yake zubar da ruwansa. Sai na koma wata dabara. Na yanke robar ruwa, na huda gindinta, na cika ta da yankakken ɓawon kwakwa da gutsattsarin gawayi, na jiƙa su, na soke rassan, na lulluɓe da farar leda don danshi ya zauna, na ɗaure bakin da baƙin zare, na rataye kusa da taga inda haske ke shiga amma rana ba ta duka. Kullum bayan sallar asuba sai in kwance ledar don iska ta shiga, in leƙa, in ƙirga ganye a hankali leɓena na motsi, in mayar in ɗaure.

A daidai wannan lokaci mahaifiyata ta zo mana kwana biyu. Ta lura da ni na wasu safiyoyi ba ta ce uffan ba, sannan ta aika a kira ni ɗakinta, ta sa na tura ƙofa. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Kai ɗan nan, zauna. Wane malami ne ya haɗa maka wancan ƙullin, kuma wa kake nufi da shi?" Na ce, "Hajiya, shuka ce nake so ta yi saiwa." Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an shuka abu a gawayi an ɗaure da baƙin zare an rataye ba, kuma idan aure nake so in ƙara, in fito fili in faɗa, gidanmu ba a bin ta bayan gida. Nan na fahimci dalilin da ya sa tuwon dare ya yi kwanaki yana zuwa mini ba man shanu. Na yi bayanin danshi da gaɓa da kurmin Indunusiya har murya ta dushe, Hajiya ta ce Allah Ya kyauta, amma har ta koma gida duk lokacin da za ta wuce tagar nan sai ta yi tofi.

Rassan sun yi saiwa, na dasa su a ƙaramar tukunya mai huji da yawa, cikin irin wancan haɗi na ɓawo da gawayi da ɗan yashi. Maƙwabcina, dattijo mai noman rani wanda ba ya iya ganin shuka cikin ƙunci ya yi shiru, ya ce wannan rowa ce ƙarara. Wata rana ina wurin aiki ya sa yara suka shigo da rabin duro, ya cika shi da baƙar lakar fadama da kashin shanu, ya mayar da hoyata ciki, ya kuma ɗora wa kansa ban ruwa safe da yamma saboda zumunci. Ba a jima ba ganye ya fara yamushewa, dattijo ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara bokiti. Ga shukar da ta saba rataye a iska, laka mai riƙe ruwa tana toshe wa saiwa numfashi, ta ruɓe, ganye kuma ya yanƙwane saboda babu mai kai masa ruwan, ko da yana zaune a tsakiyar tafki. Da na tono ta, na ja saiwa ɗaya da yatsu biyu, sai fatarta ta saɓule ta bar wani siririn zare mai wari. Na yi wa dattijo godiya mai yawa, domin a unguwa ɗaya muke sallah, na sake yanke rassa masu rai, na koma ga leda da baƙin zare.

Daga nan aka shiga zaman jira, domin hoyar da aka tayar daga reshe takan ɗauki shekaru 2 ko 3, wani lokaci fiye, kafin ta yi tunanin fure. Tana son tukunya ta matse ta, tana son haske mai yawa na safe, tana son ƙasa ta bushe kafin a sake ba ta ruwa, kuma taki mai yawa ganye kawai yake ƙara mata. Wata ɗabi'arta ita ce ta miƙo dogon reshe tsirara ba ganye ko ɗaya, ya yi ta lilo yana neman abin kamawa, sai ya naɗe sannan ganye ya biyo baya. Nawa igiyar shanya ya kama. A jikin irin wannan reshe ne wata safiya na hango ɗan guntun tsinke mai dunƙulallen kai, wanda shi ne dukan dukiyar mai hoya, domin a kansa fure ke fitowa, kuma a kansa zai sake fitowa baɗi da baɗin baɗaɗa, yana ƙara tsawo kaɗan duk lokacin da ya yi fure. Ban gaya wa kowa ba saboda tsoron baki.

Ƙanen uwargida yana hutun makaranta a wurinmu, kuma yana shirin neman kuɗin mota, don haka ya shiga neman aikin da zai faranta mini rai. Ana jajibirin sallah na dawo daga kasuwa ya tare ni a ƙofa da almakashi a hannu, fuskarsa cike da annuri. Ya ce, "Yaya, na yi wa shukarka askin sallah, duk busassun tsinkayen nan na cire su." Na duba na ga aiki ya yi kyau matuƙa, babu reshe tsirara ko ɗaya, babu tsinken fure. Na ba shi kuɗin motar nan take, har na raka shi tasha tun hutu bai ƙare ba.

Da shekara ta zagayo sababbin tsinkaye suka fito, ɗaya ma ya ɗauki tarin ƙananan ƙulle-ƙulle masu sheƙi. Masana sun yi gargaɗi cewa idan hoya ta kai wannan mataki ba a ɗaga ta, ba a ko juya tukunyar, domin sauyin haske da iska yana sa ta zubar da su. Sai dai abokan aikina sun zo gaisuwa, cikinsu har da wanda ya ba ni rassan, baranda kuwa ba wurin saukar manyan baƙi ba ne. Na ɗauko tukunyar na girke ta a teburin falo, aka yaba, aka ɗauki hoto. Washegari na share ƙulle-ƙullen daga kan tebur da gefen hannu. Har yau ina ganin fankar sama ce ke da alhakin wannan asara, ko da yake uwargida tana da wata fahimta dabam.

A farkon damina ofis ya tura ni kwas Legas. Na rubuta umarni shafi guda na manna a bango kusa da tukunyar, wanda daga baya aka tabbatar mini cewa babu wanda ya karanta, kuma babu wanda ya ba ta ruwa in ban da feshin da iska ke kaɗowa. Wani dare bayan isha'i uwargida ta kira ni, muryarta a tsaye, ta ce, "Malam, wane turare ka ɓoye a baranda, kuma na wace ce?" Hoya da dare take sakin ƙamshinta, ni kuwa ina nisan kilomita ɗaruruwa ina rantsuwa ta waya.

Da na dawo na sami furen yana rataye, dunƙule guda mai girman curin fura. Kowane fure tauraro ne mai tsini biyar, fari mai ratsin hoda, da laushin gashi a fuskarsa, a tsakiyarsa kuma wani ƙaramin tauraron mai sheƙi da jan ido, ga ɗigon ruwa mai zaƙi yana lilo a bakinsa. Ruwan nan ya ɗiga a kan farar shaddar da aka goge mini aka rataye a igiya, kiyashi kuma sun ja layi daga bakin ƙofa har cikin aljihunta. Ban damu ba. Furen kwanaki kaɗan yake yi ya zube, don haka na ɗaura wa tsinken jan ƙyalle, na kulle almakashin gidan a akwatina, na aika mota ta ɗauko Hajiya.

Hajiya ta sa tabarau, ta sunkuya, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗago ta ce, "Ashe duk wahalar nan a kan tumfafiya kake yi." Na yi dariya irin ta mai ilimi, na ce wannan daga Asiya take. Da dare na duba littafi a ɓoye, sai na tarar dangi ɗaya suke, furen kowace mai tsini biyar ne da kambi a tsakiya, kuma Robert Brown ɗin nan dai shi ne ya raɗa wa jinsin tumfafiya sunansa na kimiyya, Calotropis. Ban sanar da kowa wannan binciken ba.

Bayan mako guda sai ga yaro daga gidan Hajiya da ƙaramar tumfafiya a cikin buhu, an tono ta da ƙasarta daga bakin bola, tare da saƙon cewa wannan ba ta bukatar leda ko zare. Maƙwabcina ya dasa ta da hannunsa a cikin rabin duron nan, ta kama, har ta fara huda. Jiya uwargida ta leƙo ɗaki ta sanar da ni cewa abokan aikina za su zo ranar Asabar, ta kuma tambaye ni wacce daga cikin biyun za a shigar falo.