"An yi kuskure": wa ke ɓoye a bayan wakilin suna?

A watan Janairun 1987 shugaban Amurka Ronald Reagan ya tsaya gaban majalisar dokokin ƙasarsa, bayan asiri ya tonu cewa gwamnatinsa ta sayar wa Iran makamai a ɓoye, ta kuma karkatar da wani ɓangare na kuɗin zuwa ga 'yan tawayen Nikaraguwa. Ya gaya wa 'yan majalisa cewa ya ɗauki alhakin kasadar da ya yi game da Iran, amma da ya zo kan yadda aka gudanar da abin, cewa ya yi an tafka manyan kurakurai. Bai ce wa ya tafka ba. Sai a farkon Maris, bayan kwamitin bincike ya fitar da rahotonsa, ya fito ya ce shi ke da alhakin abin da ya yi da abin da gwamnatinsa ta yi. Makaman dai su ne, kuɗin ma su ne. Abin da ya bambanta jawaban biyu shi ne a na biyun mai aikin ya yarda ya shigo cikin jimlar gaba ɗaya.

A aji ana koya mana cewa wakilin suna kalma ce da ke tsayawa a madadin suna don kada a yi ta maimaita shi. Bayanin ya isa ɗan firamare ya ci jarrabawa, amma ya rage wa waɗannan 'yan kalmomi daraja. Da ni, kai, ke, mu, su da an mai magana yake raba laifi da yabo, da su yake nuna wanda ke ciki da wanda ke waje. Sunaye da siffofi kowa na lura da su, shi ya sa ake taka tsantsan wajen zaɓarsu. Wakilin suna kuwa wucewa yake ta gefen kunne, ya gama aikinsa ba a ankara ba.

Hausa ta ba mu kayan aiki na musamman a nan: an, aka, ana, ake, za a. Ba na cikin masu ganin aibinsu. Wanda aka shiga ɗakinsa cikin dare bai san ɓarawon ba, dole ya ce an yi masa sata. "A yi haƙuri" ta fi "ka yi haƙuri" taushi, domin ba ta nuna mutum da yatsa. "An zo lafiya?" girmamawa ce ga wanda ba ka so ka ce masa kai. Matsalar tana farawa ne idan wanda ya san mai aikin sarai, ko ma shi ne mai aikin, ya ari wannan ladabi ya lulluɓa. "An samu tsaiko." "An ba da umarni." "Za a duba lamarin." Umarni ba ya ba da kansa, wani ne ya sa hannu, kuma yana da suna da ofis. Ku lura da mai mulki a ko'ina yake: ranar buɗe asibiti "na gina", ranar da rufin ya rufta "an samu matsala wajen aikin".

"Mu" ta fi wannan santsi. Fulatanci yana da guda biyu: enen, wato mu har da kai da nake yi wa magana, da minen, mu ban da kai. Harshen Indonesiya ma haka, kita da kami. Hausa da Larabci da Ingilishi ɗaya suke da ita, sai mai sauraro ya yi hasashe. Idan shugaba ya ce "dole mu jure", shin da shi a cikin masu jurewar? Da Fulatanci yake magana, da nahawu ya tilasta masa ya fayyace, ko ya yi ƙaryar da za a iya kama shi da ita. Tsarin mulkin Amurka na 1787 ya buɗe da "Mu jama'a", alhali a cikin takardar an ƙidaya bawa a matsayin uku bisa biyar na mutum wajen rabon kujerun majalisa, mata kuma ba su samu tabbacin jefa ƙuri'a a duk faɗin ƙasar ba sai 1920. Sai dai santsin yana aiki ta ɓangare biyu. Da aka kama Susan B. Anthony, mai fafutukar 'yancin mata a Amurka, saboda ta jefa ƙuri'a a zaɓen 1872, wannan "mu" ta riƙe a matsayin hujja: takardar ta ce jama'a, ba ta ce fararen maza ba. Waɗanda suka rubuta kalmar sun bar ƙofa a buɗe, waɗanda suka bari a waje suka shigo ta nan.

Marubutan adabi sun daɗe da sanin sirrin. Yuliyas Kaisar, jagoran yaƙin Rumawa, ya rubuta labarin yaƙe-yaƙensa a ƙasar Gol, wadda yawancinta Faransa ce a yau, yana cewa Kaisar ya yi kaza, Kaisar ya umarci kaza, kamar wani ɗan kallo ne ke ba da rahoto. Yabon kai ne, amma da ya koma "shi" sai ya yi kama da tarihi. Agatha Christie, marubuciyar Ingila, ta bi ta ɗaya hanyar a wani littafinta na 1926: ta bar mai kisan da kansa ya ba da labarin da "ni", masu karatu suka bi shi har ƙarshe ba su zarge shi ba, domin zuciya tana saurin amince wa wanda ya ce mata "na gani".

Malaman balagar Larabci sun kai abin matsayin fanni, suka kira shi iltifati, wato juyawa daga wani wakilin suna zuwa wani a tsakiyar magana. Ibnul Asir ya ambaci cewa ana yi masa laƙabi da jarumtar Larabci. Misalin da Zamakhshari ya tsaya a kansa yana cikin Fatiha. Surar ta fara da yabon Allah kamar ana ba da labarinsa: Ubangijin talikai, Mai rahama, Mamallakin ranar sakamako. Sai maganar ta juya fuska da fuska: Kai kaɗai muke bauta wa. Malaman suka ce ambaton siffofin ne ya yi ta kusantar da bawa har ya ga ya isa ya yi magana kai tsaye. Ga kuma "muke", ko da mutum shi kaɗai yake salla cikin dare. Wanda ya "gyara" wannan juyi ya mai da jimlolin bai ɗaya, ya zubar da rabin ma'anar.

Kusanci da nisa ma a nan ake auna su. Masana biyu, Roger Brown da Albert Gilman, sun nuna a 1960 cewa tu da vous na Faransanci, wato kai ko ke na saba da ku na girmamawa, da takwarorinsu a Turai suna bin ma'auni biyu, iko da zumunci: babba ya ce wa ƙarami tu, ƙarami ya mayar da vous. Marubucin Faransa zai iya nuna soyayya ta ƙullu, ko raini ya shigo, da sauya kalma ɗaya. Wahalar tana kan mai fassara. Waƙoƙin Hafiz, mawaƙin Farisa, da ya rubuta da Farisanci, ba sa bayyana ko abin ƙaunar namiji ne ko mace ko Mahalicci, saboda wakilin sunan harshen ba ya rarrabe jinsi. Mai mai da su Hausa ba shi da wannan damar; tun a baitin farko sai ya zaɓi kai ko ke, ya yanke hukuncin da mawaƙin ya ƙi yankewa.

Akwai masu wuce gona da iri su ce gyaran wakilin suna shi ne gyaran al'umma. Ban yarda ba. Harshen Finlan da Turkanci da Farisanci duk kalma ɗaya suke da ita ga shi da ita. Finlan ta ba mata ƙuri'a tun 1906. Afganistan, inda Farisanci ke cikin harsunan hukuma, ta rufe wa 'yan mata makarantun sakandare bayan dawowar Taliban a 2021. Nahawu bai sa na farko ba, bai hana na biyu ba. Gaskiya ne mutanen Suwidin sun watsar da kiran juna da muƙami suka koma du, wato kai ko ke, ga kowa a ƙarshen shekarun 1960, kuma ana yawan tuna Bror Rexed, shugaban hukumar lafiya da ya sanar a 1967 cewa haka zai riƙa kiran ma'aikatansa. Amma al'ummar ta riga ta karkata ga daidaito. Kalmar biyo baya ta yi. Ba a tuhumar mutum kan abin da harshensa ya tilasta masa, sai kan abin da ya zaɓa alhali yana da zaɓi.

'Yan jarida ne suka fi kowa yin wannan zaɓi a kullum, kuma da gaggawa. "An harbe mutum uku a wajen zanga-zanga" daidai ne idan har yanzu ba a san mai harbin ba. Idan shaidu da hotuna sun nuna shi, kuma hukumar da yake wa aiki ba ta musanta ba, editan da ya bar "an" a kanun labarin ya taya shi ɓuya, ko da tsoron shari'a ne ya sa shi.