Minti 15 a sama, daga Kirkenes zuwa Vadso

Ranar Talata aiki ya kai ni Vadso daga Kirkenes, can ƙuryar arewacin Norwe, dab da iyakar Rasha. Tsakanin filayen jirgin biyu bai kai kilomita 40 ba, wani reshen teku ne kawai da suke kira Varanger ya raba su. In mota za ka bi, sai ka zagaye ruwan nan kaf, kusan kilomita 170, awa biyu da rabi in hanya ba ta daskare ba. A jirgi kuwa minti 15 ne. Ina gama addu'ar tafiya na gyara zama, sai na ji muna gangarowa.

Jirgin ƙarami ne mai farfela biyu, na kamfanin Widerøe, kujera 39. Da ƙafa muka taka zuwa gindinsa cikin dusar ƙanƙara, iska na yankar kunne. Tsakar rana ce amma ka rantse bayan magariba ne, don a nan tun ƙarshen Nuwamba rana ba ta sake leƙowa sai Janairu. Irin jiragen nan kamar motar haya suke, suna sauka Vardo, Berlevag, Mehamn, Hammerfest, har Tromso, a sauke mutum biyar a ɗauki uku. Wasu garuruwan ko mutum 2,000 ba su kai ba, amma kowanne da filin jirginsa. Gwamnati ce ke cike wa kamfanin giɓin, kuma a Afrilun 2024 ta zaftare rabin mafi tsadar kuɗin tikitin waɗannan hanyoyi.

Kusa da ni wata dattijuwa ce tana saƙa da koreshi. Daga asibiti take, likita ya duba ta da safe, za ta ci abincin dare a gidanta. Ta faɗa min haka kamar ba komai ba. Wallahi nan ne abin ya soke ni.

Ku da ke gida ba sai na ba ku labari ba. Sakkwato zuwa Maiduguri bai kai kilomita 900 ba ta sama, amma ku faɗa min yadda ake zuwa. Sai ka gangara Abuja tukuna, ka yi zaman jira, ko ka rungumi ƙaddara ka bi hanya, iyalinka na bugo waya kowane gari.

Na san abin da za a ce. Su miliyan biyar da rabi ne, ga kuɗin mai. To mu ruwan pampo muke haƙowa? Na yarda dai, akwai abin da muka fi su. A jirgin nan in ban da dattijuwar ba wanda ya ce min ko sannu, alhali a motar Kano zuwa Azare kafin ku kai Wudil kun san sunan 'ya'yan juna, an miƙo maka gyaɗa. Amma gyaɗa ba ta kai mara lafiya asibiti.

Ko da yake, wa nake yaudara? Ba hanyar Maiduguri ce ke cin raina ba. Shekara biyu ke nan da Baba ya rasu. Da asuba Yaya ya kira ni, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ni kuwa ina filin jirgin Kirkenes ina lissafi: awa biyu zuwa Oslo, kwana a hanya, canjin jirgi, Abuja, sannan mota. Sadakar uku na tarar. Na zauna kan tabarma a ƙofar gida, mutane na cewa ai ka yi ƙoƙari, ka yi sauri.