Oga da Makullin Windows

OGA: Injiniya, shigo. An ce yau za ka goge mini kwamfuta kakaf.

INJINIYA: Wa ya faɗa, ranka ya daɗe? Ba abin da zan goge. Windows 11 ɗinka Home ce, zan ɗaga ta zuwa Pro.

OGA: Home? Wato ta gida? Duk zuwan da nake yi ofis, ita a ganinta a gida take?

MASINJA: Shi ya sa take yawan barci, Yallaɓai.

INJINIYA: Home ba ta shiga rukunin kwamfutocin ma'aikata, wanda muke kira domen. Kuma ba zan iya shiga cikinta daga ofishina da Remote Desktop in yi gyara ba. Pro tana yin duka biyun.

OGA: Ka shiga kwamfutata daga ofishinka? Ba sallama?

INJINIYA: Sai da izininka. Yanzu dai makulli kawai zan sa.

MASINJA: (Ya zaro tarin makullai daga aljihu.) Ga na sito, ga na janareta, ga na banɗaki. Wanne?

INJINIYA: Baba, mayar da su. Wannan makullin rubutu ne, haruffa da lambobi 25, biyar-biyar sau biyar. A Settings ake shiga, sai System, sai Activation, a canja na Home da na Pro. Ta ɗan yi aiki, ta kashe kanta ta kunna, shi ke nan.

OGA: To takarduna fa?

INJINIYA: Suna nan daram. Manhajojinka ma ko ɗaya ba za ta motsa ba. Na dai kwafe komai a gefe saboda tsaro, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki.

OGA: Ka kwafe? Komai da komai?

INJINIYA: Har hoton da ka sa a fuskar allo.

OGA: (Ya goge gumi.) Har da rahoton ƙarshen shekara?

INJINIYA: Har shi. Na gan shi ma, layi biyu ne kacal a ciki.

OGA: Rage murya! Baba, rufe ƙofa. Injiniya, jiya na gaya wa Darakta rahoton ya kammala, shafi arba'in, amma ku 'yan kwamfuta za ku goge shi yau, sai ya ƙara mini sati biyu.

MASINJA: Ni na kai takardar. Har cewa ya yi Allah ya ba Oga haƙuri.

INJINIYA: Ai kuwa ga shi ta kunna. Duba nan, Windows 11 Pro. Ga rahotonka can a kusurwa yana kallonka.

OGA: Kai wane irin injiniya ne? Na da, ko linzami ya taɓa sai mun yi asarar fayil goma!

INJINIYA: Zamani ya canja, ranka ya daɗe.

OGA: Tsaya. Idan mutum ya ga Pro ba ta yi masa ba, yana iya komawa?

INJINIYA: Hawa ne mai sauƙi. Saukowa daga Pro zuwa Home sai an sake ɗora Windows daga farko, a share abin da ke ciki.

OGA: A share duka?

INJINIYA: Duka.

OGA: Alhamdu lillahi. Mayar da ni Home yanzu-yanzu. Baba, kai kuma karɓo mini wancan kwafin da ya ajiye a gefe.