Ɓera fa ba mutum ba ne

Na ga labarin nan wai ruwan wani ganye ya gyara ma ɓeraye mantuwa. Jama'a a bi a hankali, allurar scopolamine, wani sinadari mai sa mantuwa, fa ake ma ɓeran ya rikice na ɗan lokaci, a ba shi ruwan ganyen sannan a jefa shi cikin baho ya yi iyo a gani ko zai tuna inda aka ɓoye masa wurin tsayawa. Wannan daban da mantuwar kakarmu nan unguwar Nima a Accra da ke tambayar babana "kai ɗan wa ne?" Ni tsorona masu tallan magani a trotro, motocin hayar nan, gobe za ka ji suna ihu wai likitoci sun tabbatar. A kai ganyen cibiyar binciken magungunan ganye ta Mampong tukuna su duba ko yana taɓa hanta da ƙoda.